Tayil Mai Koren Layi a Garejina

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na gina gareji, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

A shekarun nan ne da komai ya yi tashin gwauron zabo, man fetur ya zama sai wane da wane, gidajen da aka saba dafa tuwo safe da yamma suka koma sau ɗaya. Masu hankali a lokacin sayar da motocinsu suke yi su koma babur, masu babur su koma keke. To ni, malamin gona guda a ƙaramar hukuma, mai albashin da ba ya kai wata, a daidai wannan lokacin na ga ya dace in sayi mota. (Kada ka tambaye ni dalili. Maiɗakina Saude ta tambaya har ta gaji. Amsar dai ita ce ta yi araha, kuma tun ina yaro nake mafarkin ranar da zan danna hon a ƙofar gidanmu.)

Abokina Bukar ne ya samo mini ita. Dillalin motoci ne a birni, iyayensa daga gabas suka zo tun kafin a haife mu, tare muka yi makaranta. Mutum ne mai kirki, sai dai Allah ya hore masa murya. Ko raɗa zai yi maka, sai maƙwabta sun ji. Motar tsohuwa ce, ruwan toka, injinta na neman gyara, sai muka bar ta wurin bakanike a can birni. Bukar ya ce da zarar ta tashi zai kawo mini ita da kansa.

A garinmu, wani ƙauye ne a arewacin Bici, ba a faɗin irin wannan abu kafin ya tabbata. Mace ma ɓoye cikinta take yi sai zane ya tona. Akwai tsoron baki, akwai kuma tsoron a ce wane ya samu, a wayi gari kowa da buƙatarsa a zaurenka. Don haka daga ni sai Saude sai Bukar muka san da zancen motar, na kuma ja wa Saude kunne har sai da ta ce, "Malam, ai ko kishi nake da motar nan ba zan tona mata asiri ba."

Ana cikin haka, da marka ta kankama, masallacin unguwarmu ya faɗi. Ginin ƙasa ne tun na kakanni, azararsa ta daɗe da ruɓewa, ruwa ya wuni yana jiƙa shi har ya zauna. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Aka koma yin sallah a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidanmu, in ruwa ya zo a watse, kowa ya yi tasa a ɗaki. Limaminmu Baffa Sule ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, in ya durƙusa a kan danshi sai an kama shi yake tashi.

Aka kira taro a gindin bishiyar don a ga yadda za a yi. Kowa ya sunkuyar da kai, domin ba wanda ke da ko buhun siminti ɗaya da zai iya cewa ga shi. Ni kuma ina da wata cuta, ba na iya ganin taro ya yi shiru ban ce komai ba. Sai na gyara hula na ce, "Jama'a, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ni dai akwai abin da nake shiryawa. In Allah ya yarda za ku gani."

Abin da nake nufi shi ne zan yi wa shugaban sashenmu magana ko zai taimaka. Na kuwa yi masa. Ya ce shi ma na garinsu ya faɗi. Zance ya mutu a nan, ni kuma na manta ma na yi wani alkawari.

Sai na shiga ginin gareji. Ina da bulon da na buga tun kafin siminti ya haukace, da ragowar kwanon rufi. Aka tayar da ɗaki mai faɗi jikin zaurena, bakinsa na kallon titi ta yamma, bangon ƙuryarsa na gabas. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Me ake ginawa ne?" Ni kuma, mai ɓoyon mota, sai in yi murmushi in ce, "Za ku gani." Wallahi ko sau ɗaya ban lura cewa kalmomin da na faɗa a taro su nake maimaitawa ba.

Da gini ya kai ga ƙasa, nan aka shiga muhawara. Saude ta ce a yi daɓe. "A zuba tsakuwa, a jiƙa makuba, a kira matan unguwa su daɓe maka shi ya yi ƙarfi. Tuwo kawai za ka ciyar."

Na ce, "Mota ce fa za ta kwana a ciki, ba akuya ba. Kuma in matan unguwa suka shigo da madaɓi, kafin azahar sun sa motar a waƙa."

Magini ya ce a zuba kankare mai kaushi a wuce wurin, duk abin da za a ajiye zai ɗauka. Wani abokin aikina da na tambaya a kaikaice ya ce intalok, ƙananan bulon nan da ake jerawa a ƙasa, ake yayi. Duk na saurare su ne don ladabi, domin na riga na yanke hukunci tun wata rana da aka aike ni gidan wani darakta a birni. Garejinsa tayil ne fari tas, kana ganin fuskarka a ƙasa, har sai da na rasa ko in cire takalmi ko in bar shi. Tun ranar na ce ni ma in Allah ya ba ni mota a kan tayil za ta kwana.

Na hau babur na tafi Bici wurin masu kayan gini. Mai shagon ya nuna mini tayil mai kauri, mai kaushi, wanda ya ce shi ne ke jure nauyi. Da ya faɗi kuɗinsa sai tari ya sarƙe ni. Ina cikin waige-waige na hango wasu kwalaye a lungu, fari mai sheƙi, a gefensu kuma wasu sirara korra.

"Waɗancan fa, Alhaji?"

"Ragowar wani aiki ne. In za ka kwashe duka, har da korran, zan yi maka sauƙi."

Ban tambaye shi wane aiki ba ne. Araha ta riga ta toshe mini kunne, kamar yadda ta yi ranar sayen motar.

Mai sa tayil ɗin wani ne Ɗanladi, mutum marar yawan magana. Ranar da zai fara, an tura ni wajen Shanono duba gonakin masara da tsutsa ta shiga. Ina kan babur ya ce, "Malam, yaya za a jera?" Na ce, "Yadda ka saba, kai ne gwani." Abin da ban sani ba shi ne Ɗanladi kusan duk aikinsa na masallatai ne. Ya ga ɗaki mai faɗi ba taga a gabas, ya ga farin tayil da sirara korra, ya tambayi mai gida an ce yadda ya saba. Me kake so ya yi?

Na dawo na tarar da fari fes, koren layi ya ratsa daga bango zuwa bango, a bar tazara, wani layin ya sake ratsawa, har zuwa bakin ƙofa. Na tsaya na riƙe ƙugu ina jin daɗi. A raina na ce wannan ma dabara ce, zan riƙa gane inda tayar gaba za ta tsaya. Na ɗauki hoto na tura wa Bukar, na rubuta masa cewa amarya ta samu ɗaki.

Abu biyu suka rage. Ƙofar ƙarfe, wadda aljihuna ya ce sai wani jiƙon, da gangaren da mota za ta hau. Simintin ya kusa ƙarewa, sai na ce wa magini kada ya zuba gangaren gaba ɗaya, ya yi sirara guda biyu, kowace taya da hanyarta, tsakiya a bar ƙasa. Aka yi haka, ya bushe.

Bayan 'yan kwanaki, ina dawowa daga aiki da la'asar, ruwa ya tsuge tun ina hanya. Na iso jiƙe sharkaf, niyyata in tura babur cikin gareji, in zama na farko da zai more shi. Ina shan kwana sai na ga takalma. Silifa, fade, takalman roba na manoma, an jera su a bakin garejina. Na kashe babur na leƙa. Mutanen unguwarmu ne sahu-sahu, kowane sahu ya daidaita ƙafafunsa a kan koren layi, Baffa Sule a gaba yana fuskantar bangon gabas.

Sai a lokacin idona ya buɗe. Na dubi layin, na dubi tazarar, na ga daidai wurin sujadar mutum ce. Na dubi bangon, na ga alƙibla ce ɗoɗar. 

Da suka sallame na shiga, da nufin in yi bayani cikin raha, in ce ai ba komai, a riƙa fakewa kafin mai wurin ta iso. Kafin in buɗe baki Baffa ya miƙo hannu biyu ya kama nawa. Idonsa ya cika da hawaye. Tun da nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne babana.

"Ɗana," ya ce, "ashe abin da kake shiryawa ke nan. Ka ce za mu gani, to mun gani. Ruwa ne ya koro mu, muka shigo fakewa, sai muka ga sahu a shimfiɗe yana jiranmu."

"Baffa, ai dama..."

"Kada ka ce komai. Wanda ya ɓoye alherinsa ya fi lada. Allah ya gina maka gida a aljanna. Allah ya kai ladan kabarin ɗan'uwana."

Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. To ka faɗa mini, a wane gurbi zan saka kalmar gareji? Bayan an kai lada kabarin ubana? Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, "Amin, Baffa."

Na shiga gida na tarar da Saude a bakin murhu, tana ƙunshe dariya. Ta ji komai ta katanga.

"Sannu da zuwa, mai masallaci," ta ce. "Amaryar taka a wane sahu za ta tsaya?"

"Gobe zan yi musu bayani."

"Allah ya kai mu goben."

Gobe ta zo, na fito da bayanina a baki, na tarar an shimfiɗa tabarmi, an jera butoci a gefen bango. Jibi wani ya rataya agogon bango. Kafin sati wani maƙeri ya kawo randar ƙarfe ta alwala, wata tsohuwa da ba ta da abin kai wa bakin salati ta aiko da sabuwar tsintsiya. Kullum abin da zan kwance yana ƙara ɗaurewa. Kuma, tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, ba kunya ce kaɗai ta rufe mini baki ba. Abin ya fara yi mini daɗi. Ni da a da in na wuce majalisa sai a ce ga mai maganin tsutsa nan, yanzu dattawa ke fara gaishe ni. A kasuwa mai nama ya ƙara mini tsoka. Na fara tafiya a hankali, ina sunkuyar da kai irin na mutanen kirki. (Har carbi na saya mai manyan ƙwayoyi. Saude ta gan shi ta yi mini wani kallo da ya fi zagi ciwo.)

Wata rana mai unguwa ya tsaya a bakin wurin yana duban gangaren nan biyu, ya daɗe yana shafa gemu.

"Malam, komai na gane, ban da wannan. Me ya sa aka yi hanya biyu sirara?"

Da na ce a bar kaza cikin gashinta, da na tsira. Amma cutata ta motsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, gangaren saboda masu ciwon gwiwa ne irin su Baffa, kada su sha wahalar matakala. Biyun kuma, na dama na shiga ne, na hagu na fita, don kada a yi cunkoso."

"Allahu akbar," in ji mai unguwa. "Ilimi ke nan."

Baffa yana zaune a ciki yana lazimi. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi gangaren, ya mai da kansa ƙasa. Daga ranar kuwa doka ta kafu, kowa ta dama yake hawa, ta hagu yake sauka, wanda ya saɓa a yi masa gyara.

Sai Baffa ya sanar cewa ranar Juma'a bayan la'asar za a yi addu'ar buɗe masallaci, a gayyato dattawan unguwannin maƙwabta. Nan take na ɗauki waya. Na kira Bukar na ce, "Ko motar ta tashi kada ka kawo ta sai na neme ka."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Wani ɗan shiri nake yi."

Kunya ta hana ni faɗa masa dalili, shi kuma ya fassara shirin yadda ya ga dama.

Ranar Juma'a wuri ya cika har titi. Matan unguwa sun yi karo-karon gero, a wannan shekarar da kowace ke ƙirga ƙwayar hatsinta, suka dama kunu a manyan robobi. An kawo goro da dabino. Na saka babbar rigata ta sallah. Aka yi karatu, aka yi addu'a, sai mai unguwa ya ce a ba wanda Allah ya yi aikin ta hannunsa dama ya ce wani abu.

Na miƙe a kan koren layi na gaba, na share murya, na ce, "Jama'a, ni ban yi komai ba. Wallahi ban cancanci wannan yabo ba."

Ita ce gaskiya ta farko da ta fito daga bakina tun da aka fara, amma sai wurin ya ɗauki "Masha Allah, tawali'u ke nan." Ina shirin ci gaba sai na ji hon.

Hon ɗin da nake mafarki tun ina yaro ne, a ƙofar gidanmu, yadda na so shi. Bai tsaya a ɗaya ba, kiɗa ake yi da shi. Jama'ar da ke titi suka dare, sai ga mota ruwan toka an wanke ta tana ƙyalli, ta karyo kai tsaye, ta ɗora tayar dama a hanyar shiga, tayar hagu a hanyar fita. Suka zauna daram kamar an gwada, domin an gwada ɗin. Ta tsaya dab da takalman mutane.

Bukar ya zuro kai ta taga, fuskarsa cike da fara'a.

"Salamu alaikum jama'a! Kai, Malam, ashe shirin da kake yi ke nan! Walima guda ka haɗa wa motar? To a kwashe takalman nan, a ɗage tabarmi, in shigar da amarya garejinta! Wallahi tayil ɗin ya fi kyau a ido a kan hoto!"

Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Wani dattijo da ya kai kofin kunu baki ya sauke shi a hankali. Na ga idanu suna tafiya tare, daga motar zuwa gangaren, daga gangaren zuwa faɗin ƙofar, daga nan zuwa kaina. Mai unguwa ya fi kowa daɗewa a kan gangaren. Ni kuwa ina tsaye cikin babbar riga da carbi a hannu, na roƙi ƙasa ta tsage in shige, amma na riga na rufe ta da tayil.

Bukar ya ga agogon bango, ya ga butoci, ya ga Baffa a kan buzu. Fara'arsa ta ɗauke. Ya fito daga motar ya matso kusa da ni don ya yi mini raɗa, ya ce, "Malam, ashe ba ka faɗa musu gareji ba ne?" Har matan da ke cikin gida sun ji.

Na zaci Baffa zai yi faɗa. Da ya yi, da na ji sauƙi. Sai kawai ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya miƙe, ya ɗauki buzunsa ya kaɗe.

"Jama'a, a naɗe tabarmi. Wurin mai wuri ne, kuma mai wurin ta zo. Mun gode da aron da aka ba mu."

"Baffa, don Allah ku bari," na ce. "Na bar muku. Wallahi na bar muku."

"A'a, ɗana. Abin da kunya ta ƙwato ba kyauta ba ne. Ba za mu yi sujada a kansa ba."

Ina kallo aka naɗe tabarmi, aka sauke agogon, maƙeri da wani suka ciccibi randar. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi dariya a gabana. Kuma kowa da zai fita, ta hagu ya raɓa motar ya sauka.

Magaribar ranar a gindin darbejiya aka yi ta, ana yayyafi. Motar na nan inda Bukar ya bar ta, hancinta a bakin ƙofa, ban iya shigar da ita ba. Garejin na gefenmu, fari, a bushe, ba kowa a ciki. Na laɓe a sahun ƙarshe. Da aka ɗago daga sujada na ga Baffa ya yi yunƙurin tashi ya kasa, ya sake yi, sai da ya dafa jiƙaƙƙiyar ƙasa da hannu biyu. Duk abin da na ji da la'asar kunya ce. Wannan kam baƙin ciki ne, da na koma gida ko taɓa tuwon da aka ajiye mini ban yi ba.

Saude ba ta tsokane ni ba a ranar. Ta ɗauke kwanon ta ce, "Malam, motar nan ƙarfe ce. Shekara nawa ta yi ruwa na dukanta kafin ta san ka? Ba ta da gwiwa."

Washegari da hantsi na je zauren Baffa na durƙusa. Na ce na kwana, na yi shawara da iyalina, ba jama'a a nan, ba mai kallo, na ba da wurin don Allah. Ya sa na maimaita, ya tambaye ni ko Saude ta yarda, ya ce in je in faɗa a gaban mai unguwa. Sannan sai na ga yana murmushi.

"Baffa, kai ba ka taɓa zargin komai ba?"

"Ranar farko ban yi ba, hawayena na gaskiya ne. Amma ranar da ka ce hanya ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, na ce a raina, yaron nan hanyar taya ce ya yi. Na je birni, na ga gidajen masu mota."

"To me ya sa ba ka yi magana ba? Har ka kira taro?"

Ya shafa gwiwarsa. "Kai kana jira in gane, ni ina jira ka faɗa. Na ce in na sa ranar buɗewa, ko dai ka zo ka same ni kafin ranar, ko ka bar mana da gaske. Kuma kada in yi maka ƙarya, ɗana, wurin ba ya yoyo. Kai yabo ya rufe maka baki, ni inuwa ta rufe mini. Mu duka sai istigfari."

Muka yi dariya har ya yi tari. A azahar ɗin ranar agogon ya koma bangonsa.

Motar tana nan. A gindin darbejiyar take kwana, daidai inda ake shimfiɗa tabarmi a da, tsuntsaye suna yi mata ado kullum. Da tsadar mai ba ta cika motsi ba, sai in za a kai mai naƙuda asibiti, kajin Saude kuwa sun mai da ƙarƙashinta gidansu. Sunan mai masallaci bai bi ni ba. Malam Za-ku-gani ake ce mini, har a wurin aiki.

Yanzu in wani ya zo neman shawarata a kan abin da zai shimfiɗa a garejinsa, kuma abin mamaki ana zuwa, sai in ce ya zuba kankare mai kaushi, ya fara sa ƙofa kafin komai, kuma in an tambaye shi me yake ginawa ya buɗe baki ya faɗa. In kuwa ya riga ya yi ƙarya, to ya yi wadda ba za a mai da ita doka ba. Domin har yau, in na makara na yi sauri na hau ta hagu, Baffa ba ya ko ɗago kai daga lazimi. Sai dai in ji ya ce, "Ɗana, ta dama ake shiga. Kai ka faɗa."